Mararrabar da Gwaggo Ta Ɗaure

Duk ƙasar Dungas, daga Guci har inda yashi ya gaji ya kwanta, ni kaɗai na taɓa gina hanyar jirgin ƙasa. Nasara bai yi ba, gwamnati ba ta yi ba, ni na yi. Tsawonta bai wuce ƙyauren ɗaki ba, don a bisa tsohon ƙyaure na shimfiɗa ta, amma duk abin da ake nema ga hanya tana da shi: tana miƙewa, tana rabuwa biyu, tarago yana bin ta ba ya faɗuwa sai in an so ya faɗi. In na faɗi haka a rumfar mai shayi sai a fashe da dariya, ni ma in taya su, don ba a taɓa barina baya wajen dariya ba. Amma yawanci nan nake tsayawa. Sauran labarin ba na rumfar shayi ba ne.

A lokacin sana'ata liƙi. Ina da rumfa a bakin kasuwar Guci, da gawayi, da darma, da guduma, da wani magagari da ya girme ni. Buta, fitila, kwanon sha, ƙafar keke, duk abin da ya huje ko ya karye wurina yake zuwa. Na taɓa liƙe butar wani liman wadda ramukanta suka fi ƙarfenta yawa. Da na gama ta koma darma zalla, sai da hannu biyu yake ɗaga ta, alwala ta zame masa aikin ƙarti.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona yayar mahaifina. Tare muka tashi, kuma tun muna yawo ba wando ba mu taɓa daidaitawa a kan wane ne bawan wane ba. Ni in ce bawana ne, shi ya ce ko kyauta aka ba shi ni ba zai karɓa ba, don cina ya fi aikina. Suna zaune a wata 'yar tunga arewa da gari, suna noma gero, suna kiwon shanu. 'Ya'yan Gwaggo maza biyu ne suka rayu: shi taubashin nawa, da autanta, dogon saurayi mai wushirya, wanda in ya yi dariya har abin da ya ci jiya kake hangowa.

Sai farin nan ya zo, wanda ya ƙarasa shanu wajen shekarar da sojoji suka karɓi mulki. Ba zan tsaya bayaninsa ba, wanda ya gani ya gani. Garken gidansu ya koma igiyoyi rataye a jikin danga. Taubashi ya ce zai tafi cin rani Kurmi, kuma da auta zai tafi, ko Allah Ya sa su haɗa abin mayar da saniya. Gwaggo ta ce a'a. Ta ce ƙasar da ba ta san sunan itatuwanta ba, ba za ta aika autanta ba, ɓacewa zai yi. Shi kuwa ya zauna ya yi mata bayani, ina wurin. Ya ce daga Kano jirgin ƙasa za su hau, jirgi kuwa ba jaki ba ne, ba amalanke ba ne da ke bin inda aka karkata shi. Hanyarsa ta ƙarfe ce, an kafe ta da ƙasa, ba ya iya kauce mata ko da faɗin yatsa. Wanda kuka hau tare, tare za ku sauka. Ya rantse mata a kan haka. Can ta ce, "To, tunda ƙarfe ne." Ta sa musu albarka.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, sannan ya dawo. Shi kaɗai, da tabarmi biyu a kafaɗa.

Abin da ya faɗa bai da tsawo. A tashar Kano cunkoso ya raba su, shi ya samu shiga taragon gaba, auta ya faɗa na baya. A wata babbar tasha aka kwance taragun baya, aka haɗa su da wani kan jirgi, aka yi gabas da su. Ya sauka a tasha ta farko da suka tsaya, ya komo, ya bi waccan hanyar gari gari. Ya duba zango, ya duba masallatai, ya duba gidan likita da gidan kaso. Babu wanda ya ga dogon saurayi mai wushirya.

A lokacin yanar ido ta riga ta rufe idanun Gwaggo, rana da inuwa kawai take bambancewa. Ta saurare shi har ya gama. Mata sun taru suna jiran ta fasa kuka su taya ta, ba ta yi ba.

Ta ce, "Ka ce mini hanya ɗaya ce."

Ya ce, "Inna, rabuwa take yi."

"Ƙarfen da aka kafe da ƙasa?"

"I, Inna."

"To, ko ranar nan ka yi mini ƙarya, ko yau kake yi. Ka zaɓi ɗaya, ka zo ka gaya mini."

Daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Kullum da safe zai durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, ina kwana," ya ji shiru, ya tashi. Kuma ta daina cin duk abin da ya fito daga rumbunsa. Matarsa ta kai tuwo, tuwo ya dawo yadda ya tafi. Abin da maƙwabta suka miƙo, da abin da ake aikowa daga gidanmu, shi take taɓawa, a shekarun da kowa ke leƙen gindin rumbunsa. Ta riƙa ƙanƙancewa har zanenta ya koma zagaya ta sau uku. Dattawa sun je ban baki. Wani ya zana mata hanya a ƙasa da sanda, ya manta ba ta gani. Wani, wanda bai taɓa wuce Magariya ba, ya ce ai jirgin tsalle yake yi daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Ta ce masa ya gaida gida. A bayan fage kuwa an fara raɗa cewa mutum ba ya ɓacewa haka kawai a Kurmi sai in an miƙa shi.

Wata ranar kasuwa, farkon sanyi, na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin rumfata.

Na ce, "A'a, bawana! Yau kuma wace ƙasa ka ɓatar? Zauna, amma kada ka taɓa komai, ina son kayana."

Da a da ne, da ya mayar mini da wadda ta fi ta zafi. Sai kawai ya zauna a kan gwangwani ya zuba wa gawayi ido. Nan na gane na taka inda bai kamata ba, na yi ta hura wutar da ba ta bukatar huri.

Can ya ce, "Ka taɓa cewa ka yi dako a Nguru."

"Na taɓa cewa? Ni na ɗauke rabin gyaɗar Nguru a wuyan nan."

"Ka ga inda hanyar jirgi take rabuwa?"

"Na gani."

"Ka yi mini ita. Ƙarama, wadda za a ɗauka a kai ɗaki. Ba hoto nake so ba, wadda take motsi. Ta taɓa da hannunta." Ya ɗago ya dube ni. "Tsohuwar nan ba za ta ga wata damina da yawa ba. In ta tafi ba ta yafe mini ba, ina zan sa kaina?"

Dakon Nguru gaskiya ne, rabin gyaɗar ne na ƙara. Kuma na ga mararrabar jirgi iri biyu a can. Ta babbar hanya tana da wasu harsunan ƙarfe masu tsini, an feƙe su kamar wuƙa, suna manne wa jikin dogo, wato ƙarfen da jirgi ke bi. Ita muka fara gwadawa, na goge ƙarfe har magagarina ya yi sanƙo, tsinin yana lanƙwashewa kamar ganyen albasa. Sai na tuna da ɗaya irin, wadda ke filin da ake tara buhuna, inda ake tura 'yan kurayen ɗaukar kaya da hannu a kan siririyar hanya. Ita ba ta da tsini ko kaɗan. Hanya ce take zuwa ta ƙare dungum, a gabanta bakin hanyoyi biyu suna jira, su ma dungum. Ƙarshen mai zuwan ba a kafe shi ba. A ture shi dama ya yi daidai da bakin ta dama, a ture shi hagu ya yi daidai da ta hagu. Lebura da ƙafa yake shurinsa. Na ce wa taubashi wannan ce tamu, don ko makaho ya shafa zai gane. Na faɗa kafin in tuna don wa muke yi. 

Kayan aiki kuwa kasuwa ta ba mu. Ƙyauren na gidan surukina ne, da gara ta fara ci ta ƙoshi ta bari. Dogo na yi shi da siririn ƙarfen nan da ake ɗaure dilar atamfa, wanda 'yan tireda ke zubarwa. Na yanyanka katakon akwatin sabulu ƙanana, na jera su a kan ƙyauren, na tsaga kowanne da zarto wuri biyu, na cusa ƙarfen a tsaye cikin tsagar. Faɗin tsakanin dogo da dogo akwatin ashana ne. Shi nake turawa a tsakani daga farko har ƙarshe, inda ya maƙale na san na matse, inda ya yi rawa na san na buɗe. Tarago kuwa gwangwanin kifi ne. Ƙafafunsa ne suka sha mini kai, don ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki, shi ke riƙe ta kada ta zame. Na gwada murfin kwalba, na gwada maɓalli, na gwada yankan ƙwarya. Rannan ina zaune wajen tela ana yi mini facin wando, sai idona ya faɗa kan katakon zarensa da ya ƙare. Na raba shi biyu, na juya kowane rabi leɓensa ya kalli ciki, na soka musu wayar ƙafar keke. Wallahi da na ɗora shi ya gangara, sai da na yi guɗa kamar mace, mai nama na kusa da ni ya zo da wuƙa a hannu yana tambayar wa ya haihu.

Ƙarshen da ke motsi bai yi wuya ba. Na bar tsawon taki guda na dogayen biyu ban kafe ba, na haɗa bakinsu da wani guntun ƙarfe na liƙe da darma don su riƙa tafiya tare, na fito da shi gefe na lanƙwasa ya zama abin kamawa. Na kafa ƙusa nan, na kafa ƙusa can, in an tura ya tsaya daidai bakin hanya, ba ya wucewa. In ya bugi ƙusar sai ya ce ƙyas. Inda ya ba ni wahala shi ne can gaba, wurin da dogon wannan hanya yake gitta na waccan. Dole a yanke kowanne a bar wa leɓen ƙafa wurin wucewa, in ka bari da yawa ƙafa ta faɗa, in ka rage ta hau ta kife. Taragon nan ya kife a wurin nan har gwangwanin ya fara kama da fuskar surukina. Sai da na ƙara wani ɗan guntun dogo a ɗaya gefen, ya riƙe ƙafar can ta ciki, sannan ya wuce lafiya.

Na kira taubashi ya gani, ina ta hura hanci. Na yi hanyar gabas ta karkata da sauri, kamar yadda ake kwana a lungu. Ya tura taragon sau ɗaya, ya girgiza kai.

"Ba haka take ba."

"Kai bawa, kai ka gina ko ni?"

"Ba haka take ba. Ba ta juyawa haka." Ya ɗora yatsunsa biyu a kan ƙyauren, manne da juna, ya ja su a hankali. "Tare muka fita daga tashar, jirginsu da namu, gefe da gefe. Na leƙa ta taga na gan shi, shi ma ya gan ni. Butarmu tana hannunsa. Ya ɗaga mini ita yana dariya, wai in miƙo hannu in karɓa, don ya san ban yi azahar ba. Na miƙa. Saura kaɗan. Na ce masa bari, ai yanzu za mu tsaya. Muka yi ta tafiya haka. Sai na ga ciyawa ta fito a tsakaninmu. Sai wata 'yar bukka. Sai gona." Yatsun nasa sun rabu a kan katakon, kowanne ya kama gabansa. "Har ya yi nisa yana ɗaga butar."

Da rana tsaka ne, kasuwa na ci, mai kilishi yana ta kira a bayanmu. Ban yi gardama ba. Na ɓalle duk hanyar gabas na sake shimfiɗa ta, ta bi 'yar'uwarta kusan rabin ƙyauren kafin ta fara janyewa. Abin mamaki kuma, tun da na yi haka taragon bai ƙara kifewa ba.

Saura abu guda, tazarar da ke tsakanin bakin da ke motsi da bakunan da ke jira. Nan na nuna gwaninta. Na goge, na gwada, na goge, har ya zama reza da ƙyar take shiga. Tarago yana wucewa ko ƙara ba ka ji. Na riƙa gaya wa mutane ko gashin gira sai ya yi sallama kafin ya ratsa. Wannan duk cikin sanyi ne. Kafin in gama gyare-gyare, taubashi kuma ya samu ƙarfin halin cewa mu je, bazara ta kankama.

Muka ɗora ƙyauren a amalanke da hantsi, ba mu rufe shi da komai ba. Ranar nan rana ta yi abin da ta saba yi a ƙasarmu, wadda ƙadangare ke gudu da ƙafa biyu don ya hutar da biyu. Kafin mu isa tunga ƙarfen ba ya taɓuwa. Muka shiga da shi ɗakin Gwaggo, mata da yara suka cika ƙofa.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, barka da rana. Na kawo miki jirgin ƙasa har ɗaki, ko gwamna bai samu wannan ba."

Ni tana amsa mini. Ta ce, "Ɗan ƙanena, har yanzu bakin nan naka bai gaji ba?"

"Yana jiran furarki ne ya huta."

Na kama hannunta, ba nauyi kamar busasshen kara. Na bi da yatsunta kan dogayen biyu, ta janye don zafi, ta mayar. Na ba ta taragon ta shafa, ta tura shi ya tafi ya dawo. Na kai yatsanta wurin mahaɗar, na ce, "To Gwaggo, riƙe nan, ki ji yadda ƙarfe yake barin ƙarfe." Na kama abin turawa na tura.

Bai motsa ba.

Na ƙara ƙarfi. Ko gezau. Rana ta sa ƙarfen ya miƙe, 'yar tazarar nan da nake alfahari da ita ta rufe, baki ya cije baki kamar an liƙe su tun ran da aka halicce su. Na ja, na girgiza, na yi masa magana a hankali, na zage shi a zuci. Gumi ya riƙa ɗiga daga haɓata yana sauka kan katako. Gwaggo kuwa yatsanta na nan a wurin, tana bin mahaɗar gaba da baya, ba ta jin ko alamar tsaga.

Ta ce, "Hanya ɗaya ce."

"Gwaggo, zafi ne ya..."

"Na ji da hannuna. Hanya ɗaya ce. Ku tashi ku ba ni wuri."

 Taubashi ya riga ni fita. Muka bar ƙyauren a nan, don babu wanda ya iya komawa ya ɗauko. Muka zauna gindin wani gawo a bayan danga, shi yana kallon ƙasa, ni ina kallon hannuwana. Na so in ce masa gobe zan goge bakin in ƙara tazara, amma na san babu goben da za ta sake miƙo hannunta. Da na bar shi da maganar baka ma da ya fi masa. Yanzu na kawo mata shaida har ɗaki cewa ɗanta maƙaryaci ne. Aka yi azahar, aka yi la'asar, muna nan zaune. Inuwa ta miƙe. Na tashi zan ɗaura amalanke a jikin bijimin da ya jawo mu.

Sai muka ji ƙyas.

Muka dubi juna. Can kuma, ƙyas. Daga ɗakin Gwaggo yake fitowa. Ɗakin ƙasa ne mai sanyi, ƙyauren kuma kusa da randa muka ajiye shi. Ƙarfen ya huce ya koma yadda yake.

Muka lallaɓa muka tsaya a bakin ƙofa. Tana zaune ta miƙe ƙafafu, ta jawo ƙyauren kan cinyarta. Hannu ɗaya yana kan abin turawa, ɗayan yana kan mahaɗa. Ta tura, ƙyas, ta shafa. Ta jawo, ƙyas, ta shafa. Ta ɗauki taragon ta sa a farkon hanya ta tura shi, yatsunta na biye da shi, ya miƙe kudu. Ta dawo da shi, ta sauya, ta sake turawa, ya bi ta gabas. Ta bi hanyoyin biyu da yatsu biyu, yadda ɗanta ya yi a rumfata, har inda hannunta ya kasa haɗa su.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Wane ne a ƙofa yake tare mini haske?"

Na ce, "Mu ne, Gwaggo."

"Wa yake tura wannan abin, a can?"

Taubashi ya matso. Ya ce, "Wani mutum ne, Inna. Aikinsa ke nan. Yana tsaye a gefen hanya."

"Ya san su wa ke ciki?"

"Bai sani ba."

"Kai ka san da shi, ranar da ka rantse mini?"

"Ban sani ba, Inna. Wallahi ban sani ba."

Wannan ce magana ta farko da ta yi masa tun ranar tabarmi biyu. 

Ta ci gaba da abin da take yi. Taragon yana can ƙarshen hanyar gabas. Sai ta jawo shi baya, ya taho, ya taho, ya shige mahaɗa ya hau uwar hanya. Ta tsaya cak. Ta sake mayar da shi ta sake jawowa.

"Ashe tana dawowa."

Na ce, "Tana dawowa mana, Gwaggo. Duk inda ta kai mutum, nan take ɗauko shi."

Ta mayar da shi gabas. Wannan karon, ban sani ba ko da gangan ko da mantuwa, ta ture mahaɗar ta koma ta kudu kafin ta jawo shi. Irin wannan mararraba kuwa ba ta da afuwa: in ka taho ta hanyar da ba a buɗe maka ba, babu komai a gabanka, dogo ya ƙare ke nan. Taragon ya zo bakin, ƙafafun gaba suka faɗa, ya kife a cinyarta. Ta lalubo shi. Ta shafa bakin hanyar gabas, dungum, yana kallon wofi.

"In yana dawowa aka rufe masa fa?"

Na rasa ƙaryar da zan yi, ni da ba na rasawa. Na ce, "Sai ya faɗi, Gwaggo."

Ta tura abin ya koma gabas, ƙyas. Ta kama bakin zanenta ta sa haƙori ta yage siririn ƙyalle, ta naɗe abin turawa da ƙusar da ke gefensa, ta ƙulla, ta ƙara ƙullawa, irin ƙullin da take yi wa bakin salka. Ta gwada da yatsa, bai motsa ba.

Shirun ya yi mini yawa, bakina ya kuɓuce. Na ce, "Gwaggo, ai kin yanke wa bawana tasa hanyar. Ta ina zai bi?"

Ta ce, "Shi ai ya iso."

Sannan ta juya fuskarta wajen ƙofa, inda take jin numfashinsa. "Kai kuma ka tsaya nan kamar turke. Je ka ce wa matarka ta dama mini fura. Kada ta cika ruwa, geron naka ba shi da ƙarfi bana, tun daga nan nake jin ƙarar dakansa."

Ya juya da gudu, ya yi karo da danga, ya tashi ya ci gaba. Ƙato da gemu. Na so in yi masa tsiya, na ajiye ta sai wani lokaci, kuma har yau ban biya shi ita ba.

Gwaggo ta ƙara shekara da wani abu. Ta yi ƙiba kaɗan, ta koma yi masa faɗa a kan komai, shi kuwa yana karɓa kamar ana ba shi kilishi. Ƙyauren yana jingine kusa da randarta. Matarsa ta ce kowace safiya kafin ta nemi ruwan wanke baki sai ta lalubi ƙullin nan. Da za ta cika ta yafe masa a gaban mutane, ta kuma ce kada a kwance.

Bayan an yi sadakar arba'in ya kawo mini ƙyauren, ya ce ba ya iya kwana da shi a gida, ba ya kuma iya yar da shi. Yana nan a rumfata, a can ciki bayan buhun gawayi. Ƙyallen ya ruɓe tuntuni, na maye shi da waya. Mutane sun sha cewa in fito da shi ran kasuwa a gani, na ce ya lalace. Bai lalace ba. Nakan shafa masa mai. Na ma goge bakin na ƙara masa tazara yadda ya kamata tun farko, ko da yake babu mai tura shi.

Auta bai dawo ba. Wani ɗan cin rani ya ce ya ga mai kama da shi yana sayar da ruwa a wani gari na bakin teku, wani ya ce a'a, wancan gajere ne. Taubashi ya yi furfura, ya mayar da shanunsa, mun koma zagin juna kamar da. Amma duk ran kasuwa, kafin ya ce mini bawa, sai ya wuce ni ya shiga bayan buhun gawayi, ya ɗan jima, ya fito yana goge babban yatsansa a riga. Ban taɓa tambayarsa ba.

Da bazara, in rana ta take tsaka, kwanon rumfar ya ɗau zafi, kasuwa ta yi tsit kowa ya nemi inuwa, ƙarfen yakan miƙe ya motsa a cikin tsagarsa. Na san zafi ne. Ni na gina shi, na fi kowa sanin zafi ne. Amma in ya ce ƙyas a bayana, sai na ajiye guduma na leƙa hanyar da ta fito daga kudu, wadda 'yan cin rani ke bi su dawo gida.